Ƙugiya a Kusurwar Takarda

In ka bi layin da ke bayan kasuwar kifi a Hadejia ka tambayi shagon Yakaka mai kwamfuta, ko mai tallar gyaɗa za ta nuna maka. Shagon bai fi ɗakin kwana ba. Tebur biyu ne, da firinta, da fanka mai kukan tsiya, da batirin sola a lulluɓe da tsohon zane. Ita kuwa doguwa ce, baƙa, mai saurin magana da saurin fushi, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ko da za a yanka ta. Mijinta malamin firamare ne, 'ya'yansu uku. Sana'arta rubuta manhaja, irin wadda ake girkawa a kwamfutar tebur ta yi aiki ko da sabis ko babu, don duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san halin sabis: yau yana nan, gobe sai ka hau tudu kana ɗaga waya sama.

Amma ba a fahimtar Yakaka sai an san ubanta. Zarami masassaƙin jirgin ruwa ne a wani ƙauye kusa da Guri. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka gangaro da sana'ar. Shekara arba'in yana haɗa katako da ƙusa da kwalta, kuma yana da wata al'ada da bai taɓa karya ta ba. In ya gama jirgi, ba ya miƙa wa mai shi. Sai ya loda masa buhun yashi goma, ya shiga da kansa, ya haye kogi ya dawo. In ruwa bai tsattsafo ba, sai ya sa wani ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗana a goshin jirgin. Ƙarfen siffar ƙugiyar kamun kifi gare shi. Mutanen fadama ba su yi karatu mai yawa ba, amma sun iya karanta wannan ƙugiya. Mace mai goyo ta zo mashigi lokacin da ruwa ya cika, goshin jirgi take fara dubawa kafin ta ɗaga ƙafa.

Sunan mahaifiyarsa Yakaka ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran ta da shi ba, sai dai “Uwata”. A gidan kuma akwai Zaharaddeen, ɗan ƙanwar Zarami, wanda uwarsa ta rasu yana shekara huɗu, kawunsa ya ɗauko shi ya riƙe. Kwano ɗaya suka ci da Yakaka, bulala ɗaya suka sha. Taubasai ne, don haka tsokana ita ce gaisuwarsu. Shi ya ce mata “doguwa sandar tuƙi”, ita ta ce masa “rago mai tsoron kwaɗo”. Duk wanda ya taɓa shi a makarantar allo, da ita zai yi.

Da ta gama difloma ta buɗe shago, aiki ya fara zuwa: mai kemis yana son manhajar jera magunguna, makaranta tana son ta sakamakon ɗalibai, masu injin shinkafa suna son tasu. Ba ta yi shekara ba ta lura aiki ɗaya take maimaitawa. Kowace manhaja sai ta sake zana taga iri ɗaya a allon kwamfuta: wurin suna a sama, maɓallin ajiyewa da na fasawa a ƙasa, abin da ake so a tsakiya. Tsakiyar ce kawai ke canjawa. Ta ce wannan wahalar banza ce. Me zai hana ta gina tagar sau ɗaya, ta bar cikinta fanko, duk abin da ya zo a zuba?

A baki abin kamar wasa. Wata bakwai ta yi tana fama. Da farko in ta sa abu a ciki, sai ya kasa gane inda zai ɗauko bayanansa, ya tsaya fari fat. Ta gyara wannan, sai sunayen abubuwan ciki suka riƙa karo da na waje. Ta gyara, sai ya zama in an ja tagar ta yi faɗi, kayan ciki su maƙale a kusurwa kamar kaji sun ga shaho. Akwai ranar da ta tura kujera baya ta ce wa kwamfutar, “Allah ya isa tsakanina da ke!” har mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Amma ta ci nasara. Ta samu taga wadda za a zuba mata fom, ko hoto, ko jeri, ko ma wata tagar irinta a cikinta, wata kuma a cikin waccan, kowacce ta san iyakarta. Ta sa mata suna Jirgi. A kusurwar dama ta ƙasa ta zana 'yar ƙugiyar ubanta, ta ɗaure ta a jikin tagar yadda duk inda Jirgi ya bayyana, a allo ko a takardar da aka buga, ƙugiyar na nan.

Ranar da ta kai wa Zarami takarda ya gani, idonsa ya riga ya fara rauni, sai da ya kai ta dab da hanci.

“Uwata, wannan ai ƙarfena ne.”

“Shi ne, Baba. Ni ma jirgi na sassaƙa.”

“Kin loda masa yashi?”

Ta yi dariya ta ce irin nata jirgin ba ya nitsewa. Tsohon ya yi murmushi, ita kuma ba ta sake tuna tambayar ba sai bayan shekara uku.

Babban aikin da ya fito da sunanta na manoman fadamar ƙauyensu ne. Kowace shekara in kogi ya tumbatsa, ruwa ya kan share iyakokin gonaki. Turakun da aka kafa su tafi, ciyawar kacala ta rufe inda aka sani. Ruwa na janyewa sai rigima: wannan ya ce kunyar gonarsa ta kai gindin giginya, wancan ya ce ƙarya ne. Ƙungiyar manoman ta gaji, shugabanta Malam Tukur ya zo har shago. Yakaka ta gina musu manhaja da Jirgi. Unguwa jirgi ce, a cikinta kowane gida jirgi ne, a cikin gida kowace gona jirgi ce, a cikin gona ga hoton iyaka, ga tsawonta da faɗinta da igiya, ga sunayen shaidu uku. In aka danna maɓallin ajiyewa na tagar waje, komai ya kulle, ba mai canjawa sai shaidun nan sun dawo. Sannan a buga wa mai gona takardarsa, da ƙugiya a kusurwa.

Tsofaffin da suka ƙi yarda da kwamfuta, da suka ga ƙugiya sai suka saki jiki. Takardar 'yar Zarami ce, ai shi ke nan. Shekara biyu ba a kai ƙarar iyaka ko ɗaya gaban mai gari ba.

Wanda aka ɗora kan kwamfutar ƙungiyar kuwa Zaharaddeen ne, kuma Yakaka ce ta kawo shi. Ita ta koya masa aikin tun daga riƙe linzamin kwamfuta har ya iya rubuta 'yan abubuwan da ake zubawa cikin Jirgi. Ita ta tsaya gaban Malam Tukur ta ce, “Ɗan'uwana ne, in ya yi ba daidai ba ni za a kama.” Haka ta faɗa da bakinta, a gaban mutane.

Wata rana da hantsi, ana gab da shukar rani, ya shigo shagonta da ƙunshin soyayyen kifi.

“Doguwa, jirginki na da nauyi. Kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum, sai na tara tsofaffi uku kafin in gyara? Wani yana Kafin Hausa cin kasuwa, wani yana kwance ba lafiya. Ki buɗe min 'yar ƙofa mana, abin da ke ciki ya iya ajiye kansa ba sai ya bi ta maɓallin waje ba.”

Ta san abin da ya kamata. Ya kamata in ta buɗe wannan ƙofa, ta sa tagar waje ta riƙa bincika duk abin da aka zuba mata, in an taɓa wani abu ta ɗauke ƙugiyar. Aikin kwana huɗu ne, ta ma fara tsara shi a ranta. Sai ta dube shi yana ɓare mata kifi yana cire ƙaya kamar yadda yake yi tun suna yara, ta ji kunya. Ta ga kamar ɗan'uwanka ne ya kwana gidanka, da safe ka ce ya buɗe jakarsa ka gani. Cikin awa ɗaya ta buɗe ƙofar, ta zuba masa a filashi, ta ce, “Ungo, rago. Saura ka ce min danna maɓallin ma wahala ne.”

Bayan wata biyar, wata ranar Laraba, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofar shago. 'Yar'azumi ce, daga ƙauyensu, mai noman 'yar gonar shinkafar da mijinta ya bari, da ita take ci da jikoki huɗu. Ta ƙi zama a kujera. Ta kwance bakin zanenta ta fito da takarda a ninke cikin leda.

“'Yar Zarami, karanta min wannan.”

Yakaka ta karanta. Gona igiya huɗu, daga gindin giginya zuwa tsohuwar rijiya.

“Tara ce,” in ji tsohuwar. “Tara mijina ya bari, tara aka auna a gaban shaidu. Zaharaddeen ya zo ya ce an sabunta takardu, in ba da tsohuwar in karɓi sabuwa in dangwala. Ni ban iya karatu ba. Na duba kusurwa na ga ƙugiya, na dangwala. Jiya na je gona na tarar da injin ban-ruwa na wani ɗan kasuwar shinkafa a tsakiyarta, shi ma da tasa takardar, ita ma da ƙugiya.” Ta numfasa. “Shekarar babban ruwa, ni da goyo da akuya biyu jirgin ubanki ya fitar da mu. Tun daga ranar ban taɓa tambayar abin da ke ɗauke da wannan alama ba.”

Yakaka ta miƙe tsaye. Ta rufe shago, suka hau mota tare. A ofishin ƙungiya ta zauna gaban kwamfutar ta buɗe gonar 'Yar'azumi. Daga waje komai lafiya: shaidu uku, ranar da aka kulle, ƙugiya. Sai ta leƙa rubutun manhajar da ke ƙarƙashi. A cikin jirgin gonar an saka wani jirgin, an cire masa wurin suna da maɓallai, an shimfiɗa shi daidai kan awon gaskiya ya rufe shi ruf. Awon ƙarya na cikinsa, ya ajiye kansa ta ƙofar da ta buɗe. Tagar waje kuwa ba ta san komai ba, ta buga ƙugiya a kan abin da aka ɗora mata. Ta bincika sauran. Gonaki goma sha ɗaya, duk na tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, duk sun ragu ta ɓangaren da ya yi iyaka da ɗan kasuwar nan.

Abin da ya fi ƙona mata rai, aikin ya yi kyau. Tsaf-tsaf, babu kuskure ko ɗaya, yadda ta koya masa.

Ta same shi a inuwar ɗorawa bayan ofis yana wanke sabon babur.

“Zaharaddeen, me ka yi?”

Bai ko musa ba. Ya matse tsumma ya ce, “Me na fasa? Kulle na karya? Ke kika ce jirginki na ɗaukar duk abin da aka zuba masa. Zubawa na yi.”

“Ƙarfen Baba ka sa a kan ƙarya! Mutumin da ya goya ka, ya yi maka kaciya, ya yi maka aure!”

“Ni ban sa ƙarfen kowa ba, manhajarki ce ta sa.” Ya sassauta murya. “Haba doguwa, ki bar maganar nan. Tsofaffin nan ba sa iya noma rabin abin da suke riƙe da shi. In kika tona, wa za a kama? Sunana ne a takardar ko alamar gidanku?”

Gidanku. Shekara talatin yana cin tuwon gidan, yau ya zama gidanku. Ta so ta mare shi. Ta juya ta tafi don kada ya ga hawayenta.

Ranar Asabar aka tara 'yan ƙungiya a filin makaranta, don maganar ta riga ta zaga. Yakaka ta ɗauka kunya za ta sa Zaharaddeen ya yi shiru. Ina! Shi ya fara miƙewa, da ladabinsa, har da rusunawa. Ya ce shi ma abin ya dame shi, ya daɗe yana lura manhajar na rikita lissafin awo da kanta, ya yi shiru ne don 'yar'uwarsa ce ta yi ta, bai so ya kunyata ta. Ɗan kasuwar kuma ya ɗaga takardunsa ya ce shi ba ruwansa da rikicin kwamfuta, ga ƙugiya, kuma kowa a nan ya yarda abin da ƙugiya ta hau ya zauna.

Malam Tukur ya juyo. “'Yar Zarami, ke muke saurare. Abin da ƙugiya ta hau, ana iya canja shi ko ba a iyawa?”

Nan ta ga inda aka kai ta. In ta ce ba a iyawa, alamar ubanta ta tsira, gonar 'Yar'azumi da sauran goma sun tafi. In ta ce ana iyawa, to duk takardar da ke cikin akwatin kowane gida a ƙauyen ta zama takardar ƙunsa ƙosai. Ta dubi tsohuwar a zaune a ƙasa can gefen mata, ta rungume ledarta.

Ta ce a fito da kwamfutar da firinta. Aka jawo waya daga batir. A gaban kowa ta buɗe gonar Malam Tukur kansa, ta saka jirgi cikin jirgi yadda Zaharaddeen ya yi, tana yi tana faɗin abin da take yi da ƙarfi. Ba ta yi minti biyar ba firinta ta turo takarda. Ta miƙa wa limamin ƙauye ya karanta: gonar Malam Tukur, igiya ashirin, mallakar jakin Malam Tukur ce, shaidu uku sun tabbatar. A kusurwa ga ƙugiya, baƙa wuluk.

Wasu suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kowa ya tuna tasa takardar.

“Ni na buɗe ƙofar da aka bi,” in ji Yakaka. “Na buɗe ne don wanda ya roƙe ni ɗan'uwana ne. Na sa alamar ubana a kan jirgin da ban gwada da kaya ba. Wannan laifina ne. Amma wanda ya loda ƙaryar, ga shi can tsaye.”

Aka yi kwana tara ana sake awo da igiya da shaidu, kamar zamanin da. 'Yar'azumi ta samu igiyarta tara, sauran ma haka. Aka karɓe makullin ofis daga hannun Zaharaddeen, ya tattara ya koma Kano, an ce wajen ɗan kasuwar nan yake aiki yanzu. Bai kira ta ba, bai aiko ba. Kwamfutar ƙungiya kuwa aka lulluɓe ta da buhu, Malam Tukur ya sayo babban littafi. Masu kemis biyu a Hadejia suka aiko a cire musu manhajarta.

Ta zauna ta yi aikin kwana huɗun nan da ta ƙi yi. Yanzu Jirgi yana bincika duk abin da aka zuba masa, har na cikin na ciki, in an taɓa ko ɗigo sai ya yi ja ya ƙi bugawa. Ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Da ta zo kan layukan da ke zana ƙugiya, ta daɗe tana kallon su, sannan ta goge. Kusurwar fanko take har yau.

Zarami bai san komai ba. Idonsa ya tafi gaba ɗaya a shekarar, kuma duk ƙauyen, har masu jin haushin ta, ba wanda ya iya kai masa labarin. Ita ma ta hana 'yan gida. Ɗan ƙanwarsa ne, marayan da ya rena da hannunsa, ta ce ba za ta kashe tsoho da bakinta ba.

Da ƙaramar Sallah ta je gaishe shi. Ta tarar da shi cikin sabuwar shadda ruwan toka, sai shafa hannun rigar yake.

“Uwata, taɓa ki ji. Zaharaddeen ne ya aiko min daga Kano. Yaron nan bai manta da ni ba, Allah ya yi masa albarka. Ki ce amin mana.”

Ta ce amin. Kalmar ta fito mata kamar tana haɗiyar ƙaya.

Da la'asar ya ce ta kai shi mashigi ya ji ƙanshin ruwa. Ta riƙe hannunsa suka gangara. Jirage na ɗaure a jere, ya riƙa bin su da tafin hannu yana gane nasa. Wannan na shekarar da aka haife ki ne. Wannan katakon maɗaci ne, ba a samun irinsa yanzu. Ya kai kan na uku ya lalubi goshinsa inda ya saba jin ƙunar ƙarfe, sai yatsunsa suka tsaya. An shafe wurin da sabuwar kwalta, mai kauri, har ta yi tudu. Ya matsa na gaba, shi ma haka. Masu jirgin da ke zaune a bakin ruwa duk suka sunkuyar da kai, don tun bayan rigimar takardun ba mai son a ga ƙugiya a jirginsa.

Ya daɗe da hannu a wurin, yana murza kwaltar da babban yatsa ko za ta ɓare.

“Uwata,” ya ce a hankali, “wanne ne ya nitse?”

“Babu wanda ya nitse, Baba. Naka duk lafiya suke.”

“To wa ya jawo aka shafe min ƙarfe?”

Ta dubi sabuwar shaddar da iskar kogi ke kaɗawa a jikinsa, ta buɗe baki da sunan Zaharaddeen a kan harshenta, ta mayar da shi.

“Ni ce, Baba,” ta ce.